Ranar 18 Ga Mayu: Me Sabo Za Ta Kai Gidan Tarihi?

Jama'a, watan Mayu ya ƙarato, kuma da ya kama gidajen tarihi na gwamnatin tarayya kan shiga hidima. Ranar 18 ga wata ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya, wadda aka soma tun 1977. A irin wannan rana akan gayyato 'yan makaranta, a yi lacca, a yi kaɗe-kaɗe, a zagaya da baƙi ana yi musu bayani. Kwana tara bayanta ga ranar yara, 27 ga wata, ita ma makarantu kan fita yawon buɗe ido. Mu nan Badun muna da namu gidan a Aleshinloye, wanda ake kira gidan tarihin haɗin kan ƙasa. Daga Sabo ba wata tafiya ba ce, kuɗin Micra ne ko na acaɓa. To amma tsakaninmu da Allah, mu nawa muka taɓa leƙawa? Kasuwar Aleshinloye kam mun san ta ciki da bai, matanmu can suke sayen kwanuka da robobi. Ginin da ke maƙwabtaka da ita kuwa sai dai mu wuce shi muna kallon gabanmu.

Gidan yana da nasa labarin. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, gwamnatin Janar Gowon ta shiga neman abin da zai ɗinke ɓarakar da aka yi, aka kawo shawarar gina gidajen tarihi da za su tara kayan ƙabilun ƙasar nan a wuri guda. Na Badun bai samu buɗewa ba sai 2002. Wanda ya shiga zai ga ganguna da sauran kayan kiɗa daga sassa daban-daban, da tukwane, da tufafi, da sashen Yarbawa, da sashen kayan dodanni. Abin kallo ne, kuma gani ya kori ji.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. In yaron Sabo ya ga kayan Arewa a rataye, abin da zai fahimta shi ne akwai wasu mutane can nesa, bayan an haye Kwara, su ne Hausawa. Abokinsa Bayarabe da suka zo tare ma haka zai fahimta. Babu abin da zai gaya musu cewa Bahaushe yana cikin garin nan tun garin yana sansanin yaƙi. Wannan labarin yana hannunmu, yana cikin adaka da ƙarƙashin gado, kuma kullum raguwa yake yi.

Mu ɗan waiwaya. Tun zamanin tsohuwar daular Oyo akwai Hausawa a ƙasar Yarbawa, wasu fatake, da yawa kuma bayi. Limamin coci Samuel Johnson, wanda littafinsa na tarihin Yarbawa ya fito a 1921, ya ambace su a matsayin wanzamai da masu tufka igiya da makiyaya. Dawakin Alafin ma mutanen Arewa ke kula da su. Sunan nan da ake kiranmu da shi har yau, Gambari, tun wancan lokacin yake. Da Afonja ya yi wa Oyo tawaye daga Ilori wajen 1817, bayi Musulmi da yawa sun gudu sun bi shi. Daular ta wargaje, mutane suka kwararo kudu, aka kafa Badun ɗin da muka sani wajen 1829. Kakanninmu na farko a garin nan ba a Sabo suka sauka ba, don babu ita. A tsakiyar gari suka zauna, wajen Oja'ba, a gidajen manyan gari, suna cuɗanya da kowa.

Akwai wani ɓangare da ba mu cika son faɗa ba. Hasumiyar nan da ke kan dutsen Oke-Are, wadda aka gina a 1936, an yi ta ne don tunawa da Kyaftin Bower, Baturen da ya zo ya zauna a Badun a 1893. Sojojin da ke bayansa Hausawa ne, irin rundunar da Gulobas ya fara haɗawa a Ikko a 1863, akasarinsu bayin da suka tsere wa iyayengijinsu. Da su Bower ya yi wa garin Oyo luguden wuta a 1895. Yarbawa ba su manta ba, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu sani ba. In mun kai yara hasumiyar, su hau su ga rufin kwanon Badun har iyakar ganinsu, to a gaya musu wannan ma.

Abin da ya cika garin nan da mu shi ne jirgin ƙasa da goro. Da can goro daga Gwanja yake zuwa. Ayari ya tashi daga Kano da jakai, madugu a gaba, a bi ta Bargu har Salaga, a yi wata da watanni kafin a dawo. Da Turawan Ingila suka ci Asante a 1874 kasuwar Salaga ta soma ja da baya, yaƙin cikin gida na 1892 ya ƙarasa ta. Fatake suka koma ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka bi wannan hanya. Ana cikin haka manoman Yarbawa na wajen Agege da Ota da Shagamu suka kama shuka irin goron da Arewa ke so. Dogo ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911. Daga nan lissafi ya sauya: goro ya hau sama, shanu su sauko ƙasa, Badun na tsakiya. Sai ga baƙi suna sauka a tashar Dugbe ba dare ba rana.

A 1916 aka yanka mana Sabo. Ba don ƙauna kaɗai aka yi ba. A lokacin ana ta ƙorafin sata a gari, ana ɗora wa baƙin Arewa, sai Baturen mulki da Bale (ba a fara cewa Olubadan ba sai 1936) suka ga gara a tara su wuri guda ƙarƙashin sarkinsu, wanda zai san wanda ya shigo da wanda ya fita. Masu gidajen baƙi na wancan lokaci su ma abin ya yi musu, don wuri guda ya fi sauƙin riƙe amana da bin bashi. Wurin da aka ba su, kusa da Mokola, bayan gari ne a lokacin. Yau ga shi gari ya zagaye mu ta ko'ina.

Kuma in ana maganar abin alfahari, to a tsarin maigida yake. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna cikinmu a 1962 da 1963, ya ƙirga mutanen unguwa ya samu dubu huɗu da 'yan kai, ya rubuta littafi a kanmu da ya fito a 1969. A lissafinsa, kusan shanu 75,000 ake sayarwa a kasuwar Badun duk shekara, kuma yawanci bashi ne. Ku duba fa. Mutum ya koro dukiyarsa tun daga Arewa, ya sauka gidan maigida, a ba shi ɗaki da tuwo. Dillalin maigida ya haɗa shi da mahauci Bayarabe da bai taɓa gani ba, mahauci ya ja saniya ya tafi, kuɗi sai bayan makonni. Ba banki, ba lauya, ba takardar kotu. In mahauci ya gaza, maigida ne zai biya daga aljihunsa, don in sunansa ya ɓaci a Arewa to gidansa ya mutu. Don haka sai ka tarar dillali ya san kowane mahauci, ya san rumfarsa, ya san matansa nawa, ya san bashin da ke kansa. A harkar goro ma haka: masu saye a ƙauyuka, masu zaɓe, masu ɗaura huhu da ganyen fita, masu yayyafa ruwa, masu rakiya a tarago. Aikin da in an yi sakacin kwana biyu dukiyar shekara ta ruɓe. Jami'o'in duniya suna karantar da wannan littafi, jikokin mutanen da aka rubuta a kansu kuwa da wuya ka samu wanda ya taɓa riƙe shi. Shi ne kuma ya rubuta yadda Tijjaniyya ta game unguwar a farkon shekarun 1950, da yadda Sabo ta tsayar da Juma'arta.

Takardun duk wannan suna nan kusa. A harabar Jami'ar Badun akwai gidan ajiyar takardun ƙasa, wanda Farfesa Kenneth Dike ya assasa a 1954, kuma fayilolin zamanin Turawa kan garin nan suna ciki. Laburaren jami'ar ya soma tara littattafan Larabci na hannu tun shekarun 1950, har da na Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Bello. Ɗalibanmu da ke neman abin rubuta kundin digiri, ga shi a bakin ƙofa.

Wani zai ce, to Malam, ina amfanin tone-tone, mu da ke neman na cefane? Ku tuna Fabrairun 2021 da abin da ya faru a kasuwar Shasha. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, ta kowane ɓangare. A kwanakin nan mun ji ana magana a kanmu kamar jiya muka sauko daga tirela. Mafi ciwo, yaranmu da aka haifa a nan, iyayensu ma a nan, ba su da abin da za su nuna su ce ga shi. Maƙwabcin da ya ga hoton kakanka da nasa a kasuwa ɗaya shekara tamanin baya, kallon da zai yi maka daban ne.

Akwai kuma masu cewa gidan tarihi gidan gumaka ne. Gaskiya akwai sassaƙe-sassaƙe da kayan dodanni, ba mu ɓoye ba. Amma ba wanda ake ce wa ya rusuna, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da wani sashe ba yana iya wuce shi. Malaman Islamiyyunmu su fara zuwa su gani da idonsu, sannan su yanke abin da ya dace da yara.

Laifin ɓacewar kayanmu dai namu ne. Tsoho ya rasu, a raba gado, akwatin takardunsa a ce tarkace ne. Littafin bashi da aka rubuta da ajami, wasiƙun da ake aiko wa maigida daga Kano ko Nguru, rasiɗin tarago, takardar haraji, sulallan Ingila, hoton ɗaukar mahajjata, duk a zuba wa 'yan gwangwan ko a kunna murhu da su. Tandu da zabirar wanzami da tsohon sikeli, a ce sun tare ɗaki. Ruwan Badun da gara su cinye sauran.

Shawararmu ga fadar Sarkin Hausawa da ƙungiyoyin matasa da na 'yan kasuwa ita ce a tura wakilai Aleshinloye kafin 18 ga wata, a ji tsarin bana da kuɗin shiga, a nemi a sa makarantunmu cikin masu zuwa. A tambaye su kuma yadda ake adana tsohuwar takarda, don aikinsu ke nan. Masu hali su haɗa mota zuwa Ikko lokacin hutu: a gidan tarihi na Onikan akwai motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, a Ebute Metta kuma akwai ƙaramin gidan tarihin jirgin ƙasa a gidan Jaekel.

Namu baje kolin kuwa, ranar Hausa ta 26 ga Agusta ta ishe mu, ko a harabar makaranta ne. Ba a ce kowa ya rabu da kayan gadonsa ba. A kawo, a ɗauki hoto da waya, a rubuta na gidan wane ne da abin da aka sani game da shi, mai kaya ya koma da abinsa. Kafin nan, duk gidan da ke da tsoho ko tsohuwa da suka ga zamanin da ake koro shanu a ƙasa, a samu yaro mai hankali ya zauna da su bayan la'asar, ya kunna rikodar wayarsa, ya fara da tambayar wa ya fara zuwa Badun a gidan, kuma gidan wa ya sauka.