Asalin Yaƙutun Leza

Tun zamanin da, jan yaƙutu kayan adon sarakuna ne, kuma mafi daraja daga kwarin Mogok na ƙasar Bama ake haƙo shi. Amma yaƙutun da ya fara fitar da hasken leza ba daga rami ya fito ba, ɗan Adam ne ya narka abinsa.

Asalin dutsen alminiyam ne da ya haɗu da iskar oksijin. In babu gauraye, garau yake kamar gilashi. Ɗan ƙarfen kuromiyam da ya shige shi ne ke rina shi ja. Shuɗin dutsen da ake haƙa a tsaunin Mambila ma ɗan'uwansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, rini ne kawai ya bambanta.

A 1902 wani Bafaranshe, Auguste Verneuil, ya bayyana dabarar ƙera yaƙutu. Ana barbaɗa garin sinadaran dutsen ta cikin harshen wuta, yana narkewa yana ɗiga, yana daskarewa, har ya zama curi. Maƙeran agogo suka more shi, don ba ya saurin cinyewa.

Da aka shiga tseren ƙera leza, manyan masana suka ce yaƙutu ba zai yi ba. Theodore Maiman, na ɗakin binciken Hughes a Malibu ta Amurka, bai yarda ba, ya sake awo da kansa. Ya samo guntu kamar gaɓar yatsa, kuromiyam ɗin cikinsa wajen kashi 0.05 cikin ɗari, har launinsa ya fi kama da ruwan hoda. Ya shafa azurfa a bakunansa biyu suka zama madubi, ya zura shi cikin murɗaɗɗiyar fitilar masu ɗaukar hoto.

Ran 16 ga Mayu 1960 ya kunna. Fitila ta yi walƙiya, kuromiyam ya shanye koren haske da shuɗi, ya ɗan riƙe, sannan ya amayar da ja. Jan ya yi ta kai da komo tsakanin madubin biyu, yana tayar da ɗan'uwansa, har ya ɓulla a tsawon zango nanomita 694. Ashe alminiyam masauki ne kurum, ɗan baƙon nan, kuromiyam, shi ke aikin duka.

Mujallar da Maiman ya fara aika wa labarin ta ƙi bugawa. Sai mujallar Nature ta Ingila ta buga ran 6 ga Agusta.