Ciwon Gwiwar Ɗan Kokowa da Yadda Aka Gano Maganinsa

In ka taɓa shiga filin kokowa na Yamai, ka san gwiwa ita ce jarin ɗan kokowa. A 1975 aka fara kokowar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Tun daga nan samari ke ta horo, suna durƙuso, suna ɗaga ƙato. Nauyin nan a kan jijiya guda yake sauka. Taɓa ƙarƙashin ƙoƙon gwiwarka, za ka ji ta. Ita ta haɗa ƙoƙon da ƙashin ƙauri. In aiki ya fi ƙarfinta sai ta yi ta zogi.

A ƙauye, wanzami ake kira ya yi tsaga ko ƙaho, a ce wa yaro ya kwanta. Kada ka yi dariya, likitocin Turai ma hutu suke ba da shawara a da, da ƙwaya da allura. A 1973 wani likitan Amurka, Blazina, ya sa wa ciwon suna "gwiwar mai tsalle". Amma an lura, mutum ya huta, zogi ya lafa, yana komawa fili ciwo ya dawo. Dalili kuwa, jijiyar da ta daɗe ba aiki rauni take ƙarawa.

To, a 1984 masana biyu a Kanada, Curwin da Stanish, suka fito da littafi, suka nuna a yi wa jijiya magani da motsa jiki. A 2004 masanan Ostareliya da Suwidin suka gwada katako mai gangare. Mutum ya hau da ƙafar mai ciwo, diddige sama, yatsu ƙasa, ya riƙa durƙusawa sannu sannu.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na Danmak, a 2009. An raba masu ciwon kashi 3. Wasu allura, wasu katako, wasu ɗaukar nauyi a hankali sau 3 a mako, har mako 12. Da farko kowa ya ji sauƙi. Bayan wata 6 masu allura suka koma baya, masu motsa jiki kuwa sauƙinsu ya ɗore.

Mako 12 fa, wata 3 ke nan. Yaron da ke son shiga kokowar bayan girbi, tun da damina zai fara. Ɗan zogi lokacin motsi ba laifi, in dai washegari bai ƙaru ba. In ya ƙaru, a rage nauyi. Amma in ɗanka ya ji ƙas, gwiwa ta kumbura, ƙafa ta ƙi miƙewa, wataƙila jijiyar ce ta tsinke. Wannan kam a kai shi asibiti ran nan.