Tallafin Abinci a Gabashin Sakkwato da Giɓin Kuɗin Agaji

Tallafin abinci na jinƙai shi ne hatsi, kuɗi ko abincin jinyar tamowa da ake bai wa waɗanda rikici ya raba da gonakinsu. A Wurno, Rabah da Goronyo, buƙatarsa ta fito fili tun harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni a Yulin 2018, wanda ya kora jama'a zuwa sansanin Gandi. Abin takaici, ƙasa ce ta noman rani, mai ciyar da kasuwanni da shinkafa, albasa da tafarnuwa.

Sai dai tsarin agajin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke nema wa kuɗi duk shekara ya taƙaita ne ga Borno, Adamawa da Yobe. Arewa maso yamma ba ta ciki, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana kokawa kan haka.

A 2025, bayan Amurka ta rushe hukumar USAID, har waɗancan jihohi uku asusu ya gaza musu: a Yuli, hukumar abinci ta WFP ta yi gargaɗin dakatar da tallafin mutum miliyan 1.3 muddin ba ta samu dala miliyan 130 ba. A Katsina kuwa, MSF ta ƙirga yara 652 da tamowa ta kashe a cibiyoyinta cikin wata shida na farkon shekarar.