Alƙalami ko Na'ura: Waiwaye a Kan Tarihin Jarraba Ɗaliban Sakandare a Ilimin Kwamfuta

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan maƙala za mu waiwayi wani ɓangare na tarihin ilimin zamani wanda ba a cika tattauna shi ba, wato yadda aka yi ta fama da tambayar nan: ta yaya za a gane cewa ɗalibin sakandare ya san kwamfuta? Tambayar ta shafe mu kai tsaye, domin da yawa daga cikin ɗaliban da ke shigowa jami'o'inmu suna zuwa ne riƙe da takardar shaidar cin wannan darasi, amma idan aka zaunar da wasunsu gaban na'urar sai a ga hannu yana rawa. Za mu bi sawun al'amarin a Ingila da Tarayyar Sobiyet da Amurka, sannan mu dawo gida Nijeriya. Abin da muke son nunawa shi ne, a duk waɗannan wurare abin da jarrabawa ta tambaya shi malami ya koyar, kuma shi ɗalibi ya fita da shi.

Zamanin Takarda da Jira

Kafin shekarun 1960 kwamfuta kaya ce ta gwamnatoci da manyan kamfanoni da jami'o'i, kuma guda ɗaya takan cika ɗaki. Rubuta mata umarni, wato tsara jerin matakan da za ta bi ɗaya bayan ɗaya har ta warware wata matsala, aiki ne na ƙwararru. A shekarar 1964 ne wasu malaman lissafi biyu a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka ƙirƙiro harshen BASIC domin ɗalibin da ba masanin lissafi ba ya iya yi wa na'ura umarni da 'yan kalmomi masu sauƙi. Mai karatu ya riƙe sunan wannan harshe, domin za mu sake cin karo da shi a ƙasarmu bayan shekara hamsin.

A Ingila, cikin shekarun 1970, makarantun sakandare sun fara koyar da darasin kwamfuta har ana rubuta jarrabawarsa, alhali mafi yawansu ba su mallaki na'urar ba. Dabarar da aka yi ita ce, ɗalibi ya rubuta umarninsa da fensir a kan wata takarda mai gidaje-gidaje, harafi ɗaya a kowane gida. Malami ya tattara takardun ya aika da su wata cibiya ko kwaleji mai kwamfuta, a can a mayar da su katuna masu huji, a ba na'ura, sannan a dawo da sakamako bayan kwanaki. Kamfanin ICL ma ya tsara wani ƙaramin harshe mai suna CESIL musamman domin irin waɗannan makarantu. Idan yaro ya yi kuskuren harafi ɗaya, ya yi asarar mako guda ke nan. Wannan wahala ta koya wa ɗaliban wata ɗabi'a mai amfani: kafin su miƙa takarda sai sun bi umarninsu layi-layi da ido da alƙalami, suna tambayar kansu me na'ura za ta yi a nan, me za ta yi a can. Sai da ƙananan kwamfutoci irin su BBC Micro suka fito a 1981 suka bazu cikin makarantu sannan wannan zamani na jira ya wuce.

Darasin Tarayyar Sobiyet

Babu ƙasar da ta gwada koyar da kwamfuta ba tare da kwamfuta ba a bisa babban sikeli kamar Tarayyar Sobiyet. A shekarar 1981 wani masani daga birnin Novosibirsk mai suna Andrei Ershov ya gabatar da jawabi a wani taron duniya a birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan, inda ya kwatanta iya rubuta umarni ga na'ura da iya karatu da rubutu, ya ce ilimi ne da ya kamata kowa ya samu. A watan Satumba na 1985 aka shigar da darasin a manyan azuzuwan sakandare na ƙasar baki ɗaya. Makarantu masu na'ura kaɗan ne, malaman da aka ɗora wa nauyin kuwa galibi malaman lissafi ne da na fiziks da aka yi wa horo cikin gaggawa.

Ershov da abokan aikinsa sun san halin da ake ciki, don haka suka gina darasin a kan abin da allo da alli za su iya ɗauka. Suka tsara wani harshen koyarwa wanda kalmominsa na Rashanci ne, ta yadda yaro zai rubuta "idan", "to", "in ba haka ba" da harshen da ya tashi da shi. Gwajin ɗalibi shi ne a ba shi matsala ya tsara matakan warware ta, ko kuma a ba shi matakan ya zama shi ne na'urar, ya bi su ya faɗi abin da zai fito. Mutane sun yi ta yi wa tsarin ba'a, suna kwatanta shi da koyon iyo a kan tudu. Ba'ar tana da gaskiyarta, domin inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Amma duk da haka, abin da aka jarraba tunani ne, kuma tunani yana iya bayyana a kan takarda. Sai a shekarar 2021 ne Rasha ta mayar da jarrabawar ƙasa ta wannan darasi kan kwamfuta, shekara talatin da shida bayan shigar da shi makarantu.

Amurka da Ingila: Sauyin Kiɗa

A Amurka an fara wata jarrabawa ta kimiyyar kwamfuta ga ɗaliban sakandare masu shirin shiga jami'a a shekarar 1984, da harshen Pascal. A 1999 aka koma harshen C++, a 2004 kuma aka koma Java. Kowane sauyi ya tilasta wa malamai komawa aji da sauya littattafai, domin in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Abin lura a nan shi ne, a ƙasar da ta fi kowace yawan kwamfutoci a wancan lokaci, ɗalibai sun shafe shekaru masu yawa suna rubuta amsoshin wannan jarrabawa da hannu a cikin littafin amsa, masu dubawa kuma suna bin hujjar tunaninsu suna ba da maki.

Ingila kuwa ta bi wata hanya ta ɓata, sannan ta dawo. Daga shekarun 1990 darasin ya karkata zuwa koyon amfani da kayan ofis, wato buga wasiƙa da shirya jadawalin lissafi da makamantansu, rubuta umarni kuma ya ja baya. A watan Janairu na 2012 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta fitar da rahoto mai sukar wannan hali, kuma a 2014 aka fara aiki da sabuwar manhaja wadda ta dawo da tsara umarni tun daga firamare. Sai dai wata sabuwar matsala ta kunno kai. An ware kashi ashirin cikin ɗari na makin jarrabawar kammala sakandare ga wani aiki da ɗalibi zai yi a kan na'ura cikin awa ashirin. Ba a daɗe ba sai tambayoyin da amsoshinsu suka cika intanet. A watan Janairu na 2018 hukumar da ke sa ido a kan jarrabawa, Ofqual, ta yanke hukuncin cewa za a ci gaba da yin aikin amma ba zai shiga cikin maki ba. Ashe samuwar na'ura ma ba ta raba mai jarrabawa da ciwon kai.

Mu Dawo Gida

A Nijeriya, gwamnatin tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kan ilimin kwamfuta a shekarar 1988, lokacin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi, aka kuma fara gwaji a kwalejojin gwamnatin tarayya. Sauran makarantu, musamman na jihohi da na karkara, sun daɗe suna jira, ga ƙarancin na'urori, ga ƙarancin malamai, ga matsalar wutar lantarki. A shekarar 2014 ne Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa tun 1952, ta shigar da sababbin darussa talatin da tara cikin jarrabawar kammala sakandare, ciki har da ilimin kwamfuta da sarrafa bayanai. An raba jarrabawar ilimin kwamfuta gida uku: tambayoyin canki-canka, da na dogon rubutu, da kuma gwaji a aikace. Manhajar ta ƙunshi tarihin na'urar da sassanta, da lissafin sifiri da ɗaya wanda na'ura ke aiki da shi, da zanen matakai, da kuma rubuta umarni da harshen BASIC, wanda a shekarar ya cika hamsin cif da haihuwa.

A daidai wannan lokaci wata hukumar ta shigo da kwamfuta ta wata ƙofa. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawar shiga jami'a a kan na'ura a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda. Daga nan sanin kwamfuta ya zama sharaɗi ga kowa, har ga mai neman karanta Hausa ko shari'a. Daga baya hukumar ta sauƙaƙa tsarin ta yadda za a iya amsa tambayoyi da 'yan maɓallai kaɗan ba tare da an taɓa linzamin kwamfuta ba, wanda hakan shaida ce cewa akwai ɗalibai da dama da ranar jarrabawa ce ranar haɗuwarsu ta farko da na'urar. Bahaushe kuwa ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya Biyu

Domin mu fito da abin da wannan tarihi ke nunawa, bari mu ɗauki tambaya biyu waɗanda duk ana iya yin su a kan takarda. Ta farko: lissafa sassan kwamfuta biyar, ka faɗi aikin kowanne. Ta biyu: ga matakai nan da aka tsara domin a tara makin ɗaliban wani aji, a raba da yawansu, a fitar da matsakaici, bi su da makin ɗalibai uku, ka faɗi abin da zai fito, sannan ka bayyana abin da zai faru idan babu ɗalibi ko ɗaya a ajin. Tambayar farko ana cin ta da haddar dare ɗaya, a kuma manta da ita bayan mako. Ta biyu ba ta ciwuwa sai ga wanda ya fahimci cewa na'ura ba ta da hankalin kanta, za ta yi ƙoƙarin raba lamba da sifiri ta tsaya cik, sai fa in an riga an gaya mata abin da za ta yi.

Malamin da ya san irin ta farko ce za ta fito zai cika allo da ma'anoni, yara su kwafa. Wanda ya san irin ta biyu ce zai sa su tunani, ko da makarantarsa ba ta da wuta. Maigidan tela ba ya yaye yaronsa don ya iya jero sunayen sassan keke. Yadi yake miƙa masa ya ce ya yanka ya ɗinka. In keken bai samu ba a ranar, aƙalla zai ba shi alli da awo ya ga yadda zai fitar da wuyan riga.

Kammalawa

Ba muna cewa takarda ta wadatar ba ne. Gani ya kori ji, kuma haƙƙin kowane yaro ne ya rubuta umarni ya ga na'ura ta bi shi ko ta ƙi, ya nemi kuskurensa ya gyara. Samar da na'urori da wuta da malamai nauyi ne a kan hukuma wanda babu wata dabara da za ta sauke shi. Amma tarihin Ingila da Rasha da Amurka ya nuna mana cewa rashin na'ura bai hana a yi tambaya mai kyau ba, samuwarta kuma bai hana a yi maras kyau ba. A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja wadda ta sa fasahar dijital cikin darussan dole na babbar sakandare. Nasararta za ta dogara ƙwarai a kan irin tambayoyin da za a riƙa yi a ƙarshen shekara ta uku.

Mu kuma da muke sashen Hausa akwai abin da ya rage mana. Idan 'ya'yan Rasha sun koyi tsara matakai da kalmomin harshensu tun 1985, babu abin da zai hana malami a Kano ko Sabon Garin Ibadan ko Agege ya fara bayyana wa ɗalibansa wannan tunani da "idan" da "to" da "maimaita", kafin ya kai su ga kalmomin Ingilishi da jarrabawa ke nema. Samar da waɗannan kalmomi da daidaita su da rubuta ƙananan littattafai da su aiki ne da ya dace da ɗalibai da malaman wannan sashe. Allah ya ba mu ikon ɗaukarsa, amin.