Labari Daban, Tsara Labari Daban

Duk wanda ke haƙurin kallon fim ɗin Hausa har sunayen ma'aikata su gama wucewa ya san akwai layi biyu masu bin juna: "labari", sai "tsara labari". Sau da yawa ma mutum biyu ne daban. Ɗalibin da ke Unguwar Hajji ko Rogo, wanda malami ya ce ya kawo gajeren fim, ko shi da abokansa suka ƙudurta yin nasu da wayar hannu, ya kamata ya tsaya a kan layukan nan kafin ya je aron kyamara. A tsakaninsu ne yawancin finafinan ɗalibai ke lalacewa.

Sunayen wannan sana'a ba rana ɗaya suka zo mana ba. Kakanninmu sun ce dodon bango. Sun ce majigi, wato hoton da motar gwamnatin Turawa ke kawowa ƙauye a haska a fili da dare, sunan kuma daga wata fitilar Turawa mai jefa hoto a bango aka aro shi. Daga baya aka sami silima, sannan fim. A ɗaya gefen kuma akwai wasan kwaikwayo na makaranta da rediyo da talabijin, wanda ke da nasa kalmomin. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, 'yan wasan kwaikwayo ne suka ɗauki kyamarar bidiyo, sai gidajen biyu suka haɗe. Sunan Kannywood kansa sai a 1999 ya fito, a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu. Haɗuwar gidajen nan biyu ce ta sa yau za ka ji an ce darakta a lokeshin, a fuskar talabijin kuma a rubuta mai ba da umarni. A ce furodusa, a rubuta mai shiryawa.

"Gajeren fim" shi ne sunan da ya fi yaudarar ɗalibi. Wani yana jin sa kamar dogon fim da aka datse, sai ya cusa soyayya da kishiya da gado da asiri cikin minti 10. Wani kuma yana ɗaukar sa camama, ko barkwancin da ake ɗorawa a TikTok. Masu ba da kyautar Oscar suna kiran duk fim da bai wuce minti 40 ba gajere, amma tsawo ba shi ne asalin maganar ba. Gajeren fim abu ɗaya yake riƙewa, ya bi shi har ƙarshe.

Misali, a ce uba ya aiki ɗansa ya kai waya wurin caji ranar kasuwa. Yaron na tsaye, janareta na ruri, wayoyi jere a kan allo kowace da lambarta, sai aka kira wayar babansa. Ya ɗauka, aka gaya masa abin da babban mutum kaɗai ya kamata ya ji: yayan yaron da ya tafi ci-rani yana asibiti. Wannan shi ne labari, kuma jimla uku ta ɗauke shi. Jigo kuwa, kalmar da kowane ɗalibin Hausa ya haddace tun sakandare, shi ne abin da ke ƙarƙashi: nauyin da ke faɗa wa yaro kafin ya isa ɗauka. Tsara labari shi ne aikin gumi. Daga ina za a fara, daga gida ko daga bakin shago? Mai kallo zai ji muryar mai kiran, ko fuskar yaron kaɗai zai gani? Hanyar komawa gida minti nawa za ta ci, wa zai tare shi ya ce "Kai yaro, ina Malam?" Zai faɗa wa uwarsa da ke bakin murhu, ko zai jira uban ya dawo daga gona? Wanda bai amsa waɗannan a takarda ba, a gaban kyamara zai amsa su, rana na faɗuwa, batir na ƙarewa. Masu rubutun fim suna ƙiyasta shafi ɗaya da kimanin minti ɗaya, don haka shafi bakwai ko takwas sun wadatar.

Akwai kalmar da nake so ɗalibai su dawo da ita. A lokeshin ana cewa sin, amma littattafan wasan kwaikwayonmu "fitowa" suke cewa: fitowa ta ɗaya, fitowa ta biyu. Ta fi sin amfani ga mai tsarawa, domin tana tilasta masa tambayar wa ya fito, kuma me ya fito da shi. Fitowar da ba ta da amsa, a soke ta. "Jarumi" kuwa gara a ajiye shi tukuna. Da an ambace shi sai hankali ya tafi ga kyakkyawan saurayi da mota da waƙa, alhali yaron mai waya ba ya buƙatar ko ɗaya. A aji tauraro ake cewa, wanda labari ke zagayawa a kansa, ko da masunci ne a dam ɗin Challawa.

Sai "ci gaban shiri", aikin da ake raina wa mai shi. Shi ne mai littafi a hannu, yana rubuta cewa hular yaron ta karkata hagu, wayar tana hannun dama. In ɗauka ta kai kwana biyu, shi kaɗai zai hana riga sauya launi tsakanin shago da gida.

Malamai, kafin ku tambayi ɗalibi wace kyamara zai yi aiki da ita, ku sa ya faɗi labarinsa da Hausa cikin jimla uku, ya faɗi jigonsa cikin ɗaya, ya kawo jerin fitowarsa a rubuce. In ya kasa, ku mayar da shi ga takarda.