Muhammadu al-Katsinawi, Masanin Taurarin da Alƙahira ta Adana Tarihinsa

A ƙauyukan Kankiya da Kusada, kamar sauran ƙasar Katsina, har yau akwai manoman da ke tambayar malami wane tauraro ake ciki kafin su yi shuka. Lissafin ya ginu ne bisa masaukan wata 28, kowanne kwana 13, ban da Jabaha mai kwana 14, jimla 365. Wannan fanni yana da manyan malamansa, kuma wanda sunansa ya fi yin nisa cikinsu shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi.

Ya taso a ƙasar Katsina, ya yi karatu wurin malamai da dama, ciki har da Muhammadu al-Wali na Bagarmi, a Chadi ta yau. Daga nan ya tafi aikin Hajji, sannan ya zauna a Alƙahira.

A 1732 ya kammala Bahjatul Afaƙ, littafi a kan hatimi, wato jadawalin lambobi wanda kowane layinsa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ke ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara, jimlarsa 15. Ya bayyana ƙa'idojin gina manyansa, abin da ya sa masu tarihin lissafi ke ambatonsa har yanzu. Wani littafin nasa, Durrul Manzum, ya tattara ilimin taurari tare da sirrin ɗalasimai, domin a zamaninsa lissafin tafiyar taurari da neman tasirinsu kan ɗan Adam a zaure ɗaya ake karanta su.

A Alƙahira ya sauka gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi ma masanin falaki ne. A can ya rasu a 1154 Hijira, wato 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan Hasan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar baƙon, shi ya rubuta tarihinsa a littafin Aja'ibul Asar.

Ke nan yawancin abin da aka sani game da wannan Bakatsine daga Masar ya fito, saboda ya faɗa hannun gidan da ke adana takarda da rubuta tarihi. Takwarorinsa da suka rasu a gida, sunayensu na cikin tsofaffin rubuce-rubucen da magada ke ajiye da su, inda gara da yoyon damina ke rage su kowace shekara.