Tafiya zuwa Ajantina

Ajantina ƙasa ce da ke kudancin nahiyar Amurka ta Kudu, kuma ita ce mafi faɗi a cikin ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci. Faɗinta ya kai kusan murabba'in kilomita miliyan 2.78, wato kamar ninki uku na Najeriya, amma mutanenta a ƙidayar 2022 kusan miliyan 46 ne kawai. Babban birninta Buenos Aires ne, sunan kuɗinta peso. Wannan maƙala ta shafi abin da mai tashi daga arewacin Najeriya, misali daga Augie ko Argungu ko Birnin Kebbi, ya kamata ya sani kafin ya kama hanya. Yawancin matsalolin tafiyar tun daga gida ake magance su: takardu, kuɗi, da ɗan abin da mutum zai iya furtawa da harshen ƙasar, domin Turanci ba ya kai baƙo nesa a can.

Biza da takardu

Mai fasfon Najeriya sai da biza yake shiga Ajantina. Ana nema a ofishin jakadancin ƙasar da ke Abuja, kuma bizar yawon buɗe ido takan ba da izinin zama har kwana 90. Bisa al'ada ana tambayar tikitin zuwa da dawowa, shaidar masauki, da bayanan asusun banki. Wata doka da aka fitar a watan Mayun 2025 ta ƙara sharaɗin inshorar lafiya ga baƙi. Sharuɗɗan sukan sauya, don haka ofishin jakadancin ake tambaya kafin a biya kuɗin tikiti, ba dillali ba.

Katin rigakafin ciwon shawara yana da amfani ta fuska biyu: akan nemi ganinsa a filayen jiragen Najeriya, kuma ana shawartar masu zuwa lardunan Misiones da Corrientes na arewa maso gabas su yi allurar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa Ajantina ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Wannan yana nufin likitocin can ba su cika haɗuwa da shi ba, saboda haka wanda zazzaɓi ya kama bayan isarsa ya gaya wa likita daga yankin da ya fito.

Hanya

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Ajantina. Mutumin Augie zai biyo ta Argungu ya shiga Birnin Kebbi ko Sakkwato, daga nan ya nufi Abuja ko Kano ko Legas. Kamfanin Ethiopian Airlines yana zuwa Buenos Aires daga Addis Ababa tun 2018, yana yada zango a São Paulo ta ƙasar Brazil. Turkish Airlines ma yana zuwa daga Istanbul. Ko ta ina aka bi, tafiyar takan haura kwana ɗaya.

Hanyar Turai, ta Madrid ko Paris ko Frankfurt, tana da wani tarko da mutane da yawa ba su sani ba. Najeriya tana cikin ƙasashen da 'yan ƙasarsu ke buƙatar bizar ratse a filayen jiragen yankin Schengen, ko da mutum ba zai fita daga filin ba, sai dai in yana riƙe da wata takardar da ta ɗauke masa. Tikiti mai araha ta wannan hanya yana iya zama asara.

Jiragen nesa suna sauka a filin Ezeiza da ke bayan gari. Hukumar kula da lafiyar dabbobi da tsirrai, SENASA, tana binciken kaya a wurin, kuma ba a yarda a shiga da nama, ɗanyun 'ya'yan itace, iri ko zuma ba. Ke nan kilishi da dambun nama da ɗanyen goro, waɗanda su ne guzurin Bahaushe, suna cikin irin abin da ake iya ƙwacewa.

Lokaci da yanayi

Agogon Ajantina yana bayan na Najeriya da awa 4. Da yake ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya, lokutan shekararta a juye suke. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da damina ta kankama a fadamar Rima, su sanyi suke ciki, kuma sanyin Buenos Aires a watan Yuli ya fi hunturun Argungu tsanani, ga shi da laima. Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin zafinsu. Tsawon yini ma yana sauyawa sosai: a Buenos Aires yinin Disamba yakan wuce awa 14, a Ushuaia da ke ƙarshen kudu yakan kai kusan 17, a watan Yuni kuma ya koma kusan 7. Mai niyyar yin azumi a can ya duba wannan.

Harshe

Sifaniyanci ya fi sauƙi ga bakin Bahaushe fiye da yadda ake tsammani. Wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, irin na Hausa, kuma kusan yadda aka rubuta kalma haka ake karanta ta, ba kamar Turanci ko Faransanci ba. Ba shi da karin sauti. Bambancin pero, ma'ana "amma", da perro, ma'ana "kare", wanda ke wahalar da Turawan Ingila, ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taso da ra-kaɗe da ra-gare. Ba a furta harafin h, j kuwa tana fita kamar "kha" ta Larabci, ñ kuma kamar "ny".

Akwai kuma kalmomin da kunne zai ji kamar ya san su. Musulmi sun yi mulki a sassan Andalus daga 711 zuwa 1492, sai Sifaniyanci ya ari kalmomi masu yawa daga Larabci, wasunsu kuwa Hausa ma ta are su ta hanyar Sahara. Hasta ita ce "hatta", azúcar "sukari", aceituna "zaitun". Alcalde, shugaban gari a Sifaniya, tushensu ɗaya da "alƙali". Ojalá, da ake faɗa idan ana fatan wani abu, daga jumlar Larabci mai ma'anar "in Allah ya so" ta fito.

Sai dai Sifaniyancin Buenos Aires ya bambanta da na littattafan koyo, kuma a nan ne wanda ya koya a manhajar waya yake rikicewa. Na farko, wakilin suna na "kai" ko "ke" vos ne, ba tú ba, kuma aikatau yakan sauya tare da shi: vos tenés a maimakon tú tienes. Ga dattijo ko jami'i usted ake cewa, kamar yadda Bahaushe ke ce wa babba "ku". Na biyu, ll da y suna fita kamar "sh". Pollo, kaza, "posho" ake cewa. Calle, titi, "kashe" ake furta ta. Baƙo kada ya firgita in direba ya yi ta maimaita ta, sunan titi yake tambaya. Jimlolin da aka fi buƙata a ranar farko su ne ¿cuánto sale?, "nawa ne?", ¿dónde queda?, "ina yake?", da no entiendo, "ban gane ba".

Kuɗi

Ba a canjin naira a can, dala ake riƙewa, kuma 'yan canji sun fi son sababbin takardun 100 marasa yagewa ko rubutu. Abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan. Peso ya sha faɗuwa: hauhawar farashi ta wuce kashi 200 cikin 100 a 2023. Shekaru da dama akwai farashin gwamnati da na bayan fage, wanda ake kira dólar blue, abin da ɗan Najeriya ba ya buƙatar a yi masa bayani. A watan Afrilun 2025 gwamnati ta janye yawancin takunkumin sayen dala ga ɗaiɗaikun mutane, tazarar ta ragu. Masu kiran "cambio, cambio" a titin Florida suna nan, amma shagon canji mai rajista ya fi aminci. A gidan abinci akan bar wa ma'aikaci kamar kashi 10 cikin 100.

Zirga-zirga

Bas ɗin cikin gari, colectivo, ba ya karɓar tsabar kuɗi. Ana sayen katin SUBE a zuba masa kuɗi, kuma shi ne ke aiki a jirgin ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa, Subte, wanda aka buɗe tun 1913. Manyan motocin safa suna tashi daga tashar Retiro, suna da kujerun da ke kwantawa. Nisan garuruwa ne ke ba baƙo mamaki. Magangarar ruwan Iguazú tana da nisan kusan kilomita 1,300, Mendoza da ke gindin tsaunukan Andes ta haura 1,000, Ushuaia kuwa kusan 3,000. Mai mako biyu ya zaɓi yanki ɗaya ko biyu. Manomi ko makiyayi zai fi ƙaruwa da gonakin shinkafa na Corrientes da Entre Ríos, da kasuwar shanu ta Cañuelas, da baje kolin dabbobi na La Rural da ake yi a watan Yuli.

Wutar lantarki 220 ce, amma soket ɗinsu ba ya karɓar filogi mai ƙafa uku irin na Najeriya, sai da adafta. Fizgen waya, musamman daga kan babur, shi ne laifin da baƙi suka fi gamuwa da shi. Lambar kiran gaggawa 911.

Abinci da ibada

Ajantina ƙasar naman shanu ce, har idan aka ce carne shi ake nufi. Gasasshen namansu, asado, akan gasa shi a kan waya ɗaya da chorizo, wanda galibi da naman alade a ciki, da morcilla, wadda da jini ake yin ta. Kalmomin da Musulmi zai kula da su a jerin abinci su ne cerdo, jamón da panceta. Sin cerdo na nufin "ban da alade". Pescado shi ne kifi. Ba a cika buɗe gidajen abinci don cin dare kafin ƙarfe 8 ba.

A Buenos Aires akwai masallacin Al Ahmad a unguwar San Cristóbal, ƙarƙashin Cibiyar Musulunci ta Jamhuriyar Ajantina, wadda ke ba da shaidar halal, da Cibiyar Sarki Fahd a Palermo da aka buɗe a 2000. A nan ake samun Juma'a da bayanin mahauta. Alƙibla tana gabas da ɗan karkata arewa, kusan yadda take a Kebbi. 'Yan Afirka ta Yamma da aka fi gani a birnin 'yan Senegal ne masu kasa kaya a unguwannin Once da Constitución.

Mu'amala

Gaisuwarsu sumba ɗaya ce a kumatu, har tsakanin maza. Wanda bai saba ba yana iya miƙa hannu, ko ya dafa ƙirji da fara'a. Mate, wani ganye mai ɗaci da ake zuba wa ruwan zafi, ana shan sa da bututun ƙarfe ɗaya ana zagayawa, kamar zaman shayi a majalisa. Idan mutum ya ce gracias lokacin mayar da ƙoƙon, ya nuna ya ƙoshi ke nan, ba za a sake miƙa masa ba. Tsibiran da Ingila ke kira Falkland, waɗanda aka yi yaƙi a kansu a 1982, Malvinas ake ce musu a can, kuma ba maganar wasa ba ce.

Da an ji baƙo daga Najeriya yake, hirar ƙwallo ake shiga. Ƙasashen biyu sun haɗu a gasar cin kofin duniya a 1994, 2002, 2010, 2014 da 2018, duka Ajantina ta yi nasara. Najeriya kuwa ita ta ci wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, da ci 3 da 2.